Filin Gareji: Kafin ka sayi sandar giya mai gajeren zango

Assalamu alaikum. Yawancin saƙonnin wannan karon a kan sandar giya suka faɗo, musamman mai gajeren zangon nan da samari ke kira shot-shifta, don haka na haɗa su wuri guda. Na taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Oga, barka da aiki. Ina da BMW E46 mai giyar hannu, giya biyar, 'yar Kwatano na saye ta. Ina ganin bidiyon Turawa a YouTube suna sa shot-shifta, da ɗan taɓawa giya ta shige. Na duba a intanet, wasu arha ƙwarai, wasu kuma kuɗinsu ya kusa na giyabos ɗin Beljiyam. Shin tana ƙara wa mota gudu? Wacce zan saya? Daga wani matashi a Kaduna.

AMSA: Ƙanena, barka kadai. Maganar gudu tukuna, tunda ita ke cinye kuɗin samari: ba ta ƙara wa mota gudu ko na kilomita ɗaya. Ƙarfin mota a injin yake, rabon ƙarfin kuma yana ga haƙoran da ke cikin giyabos, ita kuwa wannan sanda ba ta taɓa ko ɗaya a cikinsu. Abin da take canzawa kawai shi ne nisan da hannunka ke yi daga wannan giya zuwa waccan.

In ka ɗaga fatar da ta rufe gindin sandar motarka, za ka ga wani ƙwallo zaune cikin kofin roba mai tauri. A kansa sandar ke juyawa. Ɓangaren sama shi ne dogon da kake riƙewa. Na ƙasa gajere ne, ya leƙa ƙarƙashin mota, shi ke tura ƙarfen da ya tafi giyabos. Mu ɗauka, don misali, na sama santimita 24 ne, na ƙasa 4. Kafin ƙasan ya motsa santimita 1, sai hannunka ya yi tafiyar santimita 6. Mai ƙera shot-shifta sai ya ƙara wa ƙasan tsawo ya kai 6, ya bar saman yadda yake. Yanzu tafiyar santimita 4 ta wadatar. Iyakar sirrin ke nan.

Sai dai ragin ba kyauta ba ne. Ka san in notin taya ya ƙi kwancewa, bututu muke zura wa sifana ya ƙara mata tsawo, hannu ya yi doguwar tafiya amma da ƙarfi kaɗan. To shot-shifta zare bututun ne. In an rage zangon da kashi 20 cikin 100, ƙarfin da za ka sa zai ƙaru da kashi 25. In an rage 30, zai ƙaru da wajen 43. In an rage 40, wajen 67. In an rage rabi, ƙarfin ya ninka. Mai talla lambar ragin kaɗai yake rubutawa da manyan baƙaƙe. Ta biyun kafaɗarka ce za ta gaya maka, ranar da ka shiga cunkoson titin Ahmadu Bello da yamma kana ɗaya, biyu, ɗaya, biyu har magariba.

Akwai kuma abin da sandar ba ta isa ta gaggauta ba. A cikin giyabos, giyoyin gaba suna da wani zobe, yawanci na tagulla, wanda muke kira sinkoro. Aikinsa ya goga jikin giyar da za ka shiga har gudunta ya zo daidai da na ƙarfen da za ta kama, sannan ya ba da hanya. Kamfanin Cadillac na Amurka ne ya fara sa wannan dabara a motocinsa a 1928. Kafin nan direba sai ya taka kuloci sau biyu yana daidaita juyin injin da totur, yadda tsofaffin direbobin manyan motoci suka saba har yanzu. Wannan 'yar tirjiyar da kake ji a bakin giya kafin ta faɗa, zoben ne yake aikinsa, kuma yana buƙatar ɗan lokacinsa. In hannunka ya iso da wuri ya danne shi da ƙarfi, tagullar ce ke cinyewa. Giya biyu ce ke fara kuka, domin ita ta fi shan wahala. Na buɗe giyabos na samari masu wasan mota na ga zoben giya biyu ya sulɓe sumul, 'yan layukan da ke cikinsa masu yanka mai sun shafe, man da ya zubo yana ƙyallin ruwan zinare saboda garin tagulla. Masu motocin duk sun ɗauka sandar ta ba su izinin fizga.

Da wannan duka, ban ce kada ka saya ba. Mai kyau, a lafiyayyar mota, tana da daɗin tuƙi ƙwarai. Giya na faɗawa da wani ƙas mai tsabta, hannu ya san inda yake ko da ido a kan hanya. Amurkawa sun daɗe da son abin. Pontiac GTO ta 1964 da sandar kamfanin Hurst ta fito daga masana'anta, kuma har yau Subaru da Toyota suna sayar da tasu gajeriyar sandar ga masu ƙananan motocinsu na wasa. Daɗin tuƙi dalili ne da ya isa mutum ya kashe kuɗinsa, in ya san abin da ya saya ke nan.

Yanzu ga motarka. An daina ƙera E46 tun 2006, ka ga ko autar cikinsu ta manyanta. Kafin ka tura wa kowa kuɗi, kashe injin, sa giya uku, ka girgiza sandar hagu da dama. In tana lilo sosai alhali giya na ciki, to ba tsawon zango ke damunka ba, robobi ne suka mutu. A wannan motar ga inda suke: kofin da ƙwallon ke zaune ciki, bushin na gaba da ke haɗa hannun alminiyam da giyabos, robar baya da ta kama hannun a jikin mota, 'yan wosha masu ruwan ɗorawa a bakin ƙarfen da ke tura giya, da mahaɗin da ke bakin giyabos mai ɗan soso a ciki wanda mai ke jiƙawa ya narke. Duk ƙananan kaya ne, kuɗinsu a haɗe bai kai na sanda mai suna ba. Ka haɗa da robobin da giyabos ke zaune a kai. Da yawa daga masu zuwa mini da wannan buƙata, da an canza waɗannan sai su ce a bar maganar shot-shifta, abin da suke nema ya samu. Duba kuma inda sandar ke tsayawa in tana firi. Kamata ya yi ta koma tsakiyar uku da huɗu da kanta. In tana kwantawa wajen giya biyar, sanannen ciwo ne na giyabos ƙirar kamfanin ZF mai giya biyar: wasu 'yan fil masu sifirin ne ke maƙalewa a jikinsa, kuma sai an sauke giyabos ake gyara su. Babu sandar da za ta magance wannan.

In ka yi duk wannan kana son ragin har yanzu, abin da zan zaɓa maka shi ne sandar BMW ɗin kanta, ta ƙananan motocinsu na wasa, Z3 ko Z4. Masu E46 da yayarta E36 a Turai da Amurka sun daɗe suna wannan musanya. Ƙasanta ya fi na taka tsawo, ragin matsakaici ne, kuma tana da robar nan da kamfani ke sawa tsakanin ƙarfen ciki da na waje don ta shanye karkarwa. Ka je da lambar chasis da tsohuwar sandarka a hannu, a gwada su gefe da gefe. Bayan ita sai na kamfanoni irin su UUC da B&M, waɗanda wasunsu ana iya ɗaga su ko a sauke. Su ma ba laifi, in ainihin nasu ne, domin jabun da aka buga wa sunan manyan kamfanoni sun cika kasuwar intanet. In ka ga mai suna da kuɗin marar suna, ka san amsar.

Waɗanda ka ce kuɗinsu ya kusa na giyabos, irin na CAE da Coolerworx, wani jinsi ne daban. Dogaye ne, a jikin mota ake ɗaure su maimakon jikin giyabos, kansu yana zuwa kusa da sitiyari don hannun ɗan tsere kada ya yi nisa. Tunda sandar na jikin mota, giyabos kuma yana motsi a kan robobinsa, dole a sa masa mazauni masu tauri, in ba haka ba giya ta riƙa ɓacewa a kwana. Mazauni masu tauri kuwa suna shigo da rurin injin da karkarwarsa cikin mota. Motar filin tsere ce ke son wannan. Wadda za ka kai Mama asibiti da ita ko ka je ɗaurin aure Zariya, kada ka yi mata haka.

Masu arhar nan marasa suna, ban yarda da su ba, kuma ga dalilina. Ƙwallon yakan zo da ɗan bambancin girma, ko ya yi lilo a kofi ko ya cije. Ramin ƙasa, inda ƙarfen giya ke shiga, wani lokaci ba bushin ba boris, ƙarfe kan ƙarfe, cikin 'yan watanni ya faɗaɗa. Wasu kuma da noti ɗaya tal aka haɗa sama da ƙasa, sai ka ji kan sandar yana juyawa a hannunka. Sandar giya in ta karye tana barin ka ne a giyar da kake, kuma hanyar Kaduna zuwa Abuja ba wurin tsayawa neman makanike ba ne da dare.

Abu biyu da masu oda daga waje ke mantawa. Na farko, sunan mota bai isa ba, sai ka san giyabos ɗin da ke cikinta. E46 ta zo da na kamfanin Getrag, ta zo da na ZF, akwai mai biyar, akwai mai shida, a nan ƙasar kuma da yawa an sauya musu giyabos, wasu ma otomatik ne aka mayar da su na hannu. A ɗaga motar ka karanta abin da ke jikinsa da idonka. Na biyu, tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyarinmu yana hagu. Ingila da Japan nasu yana dama. Wasu sandunan a lanƙwashe suke zuwa wajen direba, in ka yi odar ta can sai ta karkata wajen fasinja.

Ranar sawa, ka tsaya a kan makanikenka. Tunda ƙasan ya ƙara tsawo, yana matsowa kusa da farfela, ƙarfen nan mai juyawa da ke kai ƙarfi tayoyin baya. A sa kowace giya, har ribas, a leƙa a tabbatar akwai tazara. A shafa wa ƙwallon giris, a mayar da robar da ke rufe ramin ta zauna daram, don ƙurar hunturu in ta haɗu da giris ta zama abin goge ƙarfe. Kan sandar kuma, in na alminiyam ne tsirara, ranar watan Afrilu za ta mayar da shi abin da ba ya taɓuwa. Nemi mai fata, mai ɗan nauyi. Nauyin yana taimaka wa giya faɗawa.

Gargaɗi ɗaya da nake so ka riƙe da kyau. Wasu sandunan suna rage har tazarar hagu da dama, layin biyu da na huɗu su matso kusa da juna. A giyabos mai biyar na motarka, giya biyu tana juya injin kusan ninki biyu na giya huɗu. In kana gudu a biyar ka nufi huɗu, inda injin zai juya sau 4,500 a minti, hannu ya zame ya faɗa biyu ka saki kuloci, tayoyi za su tilasta masa juyin wajen 9,000, alhali jan layinsa, wato iyakar juyin da aka yarje masa, bai fi 6,500 ba. Kwamfutar mota ba ta iya hana wannan, don ba mai ne ke tura injin ba, taya ce. Bawul su lanƙwashe nan take. Shi ya sa ba na son ragin da ya wuce kashi 20 zuwa 30 a motar yau da kullum, kuma na fi son wadda ta rage gaba da baya kawai. Ajiye tsohuwar sandar a gida, ranar sayar da mota za ka neme ta.

TAMBAYA: Malam, ni direban haya ne, Golf 3 nake ja tsakanin Kano da Wudil. Sandar giyata ta saki, sai na yi ta lalube kafin in sami giya ɗaya, wani lokaci in nemi ɗaya in sami uku. Wani yaro a tasha ya ce in sa shot-shifta za ta ɗaure. Gaskiya ne?

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya. Kada ka saya. Golf 3 mai ƙaramin injin da sandunan ƙarfe take tura giya, kuma a kowace mahaɗa akwai kofi ko ƙwallon roba. Motar da aka fara ƙerawa a 1991, ga zafin injin, ga mai na ɗiga a kansu, ga sauya giya daga asuba zuwa dare, dole su ƙare. Buɗe bonet, ka sa yaron mota ya riƙa motsa sandar kana kallon bayan injin wajen giyabos. Za ka ga inda ƙarfe ɗaya ke motsi, na kusa da shi yana tsaye yana jira. Nan ne ciwon. Ana sayar da robobin a saiti, ka tambaya a Ƙofar Ruwa, kuma a canza har da bushin ɗin da doguwar sandar ke ratsawa a ƙarƙashi. Bayan nan akwai wani maɗauri mai noti a kan doguwar sandar, shi ake sassautawa a daidaita layin giya, sannan a ɗaure. In ba a yi wannan saitin ba, ko da sababbin robobi za ka ci gaba da neman ɗaya kana samun uku.

Abin da yaron ya gani yana da ɗan tushe: gajeren zango yana rage yadda lilon ke bayyana a hannu. Amma sakin yana nan a ƙasa, giya ba ta shiga har ƙarshe, wata rana ta riƙa fitowa da kanta a kan hanya. Kuma mai sauya giya wuni guda kamar kai sauƙi yake nema a hannunsa. A tabbatar kuma makullin ribas yana aiki, wato sai ka danna sandar ƙasa take shiga, domin a motarka ribas maƙwabciyar giya ɗaya ce.

TAMBAYA: Ina gaisuwa, Malam. Ni malamar makaranta ce a Katsina, ina tuƙa Corolla mai giyar hannu. Kafaɗata ta dama tana ciwo, sauya giya yana wahalar da ni. Ɗana ya ce akwai sandar da ke rage tafiyar hannu. Za ta taimaka?

AMSA: Malama, ina amsawa, Allah ya ba ki lafiya. Yaron ya yi tunani mai kyau, sai dai wannan sandar ƙara miki wahala za ta yi, don abin da ta rage a tafiya tana mayar da shi a nauyi. Giyar Corolla lafiyayya da yatsu uku ake sa ta. In taki tana neman ƙarfin kafaɗa, wani abu ya lalace. Wayoyi biyu ne ke tafiya daga sandar zuwa giyabos, ɗaya ta gaba da baya, ɗaya ta hagu da dama. In ruwa ko ƙura suka shiga rigarsu sai su yi tauri. Makanike ya cire bakinsu daga giyabos ya motsa sandar: in har yanzu da nauyi, wayoyin ne ko gindin sandar. In ta yi sakayau, a koma kan kuloci da man giya. Mutane da yawa suna canza baƙin mai a kan lokaci, man giya kuwa tun wanda motar ta shigo da shi ƙasar. A zuba irin wanda littafin motar ya rubuta, ba kowane mai kauri da aka samu a galan ba. Ki duba zamanki ma: in kujera ta yi baya, giya ɗaya da uku da biyar duk sai kin miƙa hannu har kafaɗa ta bar jingina. Ki matso da ita. Ciwon kuma a kai wa likita ya duba, in ya ce a hutar da hannun, mota otomatik ta fi miki kowace irin sanda.

TAMBAYA: Oga, mai walda a unguwarmu ya ce ba sai na yi oda ba, zai yanke sandar Honda Civic ɗina ta 1998 ya gajarta ta. Ya ce abu ɗaya ne. In ba shi? Daga Gusau.

AMSA: Ba abu ɗaya ba ne, ƙanena. In ya yanke sama, zangon zai ɗan ragu, amma kan sandar ya sauka ƙasa, hannunka ya ƙara nisa da sitiyari, ka rasa a hanya abin da ka samu a sanda. Zaren da kan ke ɗaurewa ma ya tafi. In kuma ƙasan zai yanke ya ƙara masa tsawo, ya kama hanyar gaskiya, amma waldar za ta faɗo daidai inda duk ƙarfin ke taruwa, kuma a Civic ta waɗannan shekarun ƙasan sandar yana kusa da salansa, da ya ƙara tsawo sai ya fara bugun garkuwar zafi. Na ga masu sassaƙa ƙarfe da inji sun yi aikin da kyau, sun zura ƙarfe a ciki kafin walda, sun auna tazara. In za ka gwada, sayi wata sandar ta Beljiyam a yi a kanta, taka ta asali ta zauna lafiya. Civic daga 1992 zuwa 2000 tana cikin motocin da aka fi ƙera wa irin wannan kaya a duniya, Skunk2 da B&M duk sun yi mata, don haka samun ta kirki ba wuya. Ka canza robobi biyu na ƙarfen da ke riƙe gindin sandar, na wajen giyabos da na baya, a rana ɗaya.

TAMBAYA: Baba, na riga na sa a Golf 4 ɗina mai injin 1.8T. Tun daga nan giya biyu tana ƙara da safe, kuma sandar tana wani zuuu in ina gudu. Mai sawar ya ce za ta saba. Daga Jos.

AMSA: Ɗana, giya ba ta sabawa da ƙara. Duk ƙarar da ka ji, haƙora ne ke cin juna, don haka kada ka jira. Motarka da wayoyi take, kuma duk lokacin da aka taɓa ƙarfen da ke saman giyabos sai an sake saitin su. Volkswagen ta tanadi hanya: akwai ɗan makulli a jikin giyabos da ke riƙe shi wuri ɗaya, akwai rami a gindin sandar da ake zura fil, sai a saki bakin wayoyin biyu su sami tsawonsu, a kulle, a cire fil ɗin, a buɗe makullin. Masu sawa da yawa suna tsallake wannan. Fara da shi.

In ƙarar ba ta tafi ba, mayar da kayan asali ka gwada da safe. In ta ɓace, sabon kayan ne bai dace ba ko ragin ya yi yawa, kuma wasunsu suna da rami biyu, sai ka koma mai sauƙin. In tana nan ko da na asali, dama ciwon yana kwance, sandar tona shi ta yi. Gwada kuloci: injin na aiki, mota a tsaye, taka shi har ƙasa, ɗan jira, ka nemi ribas. In ta yi ƙara ko motar ta ɗan yunƙura, kuloci ba ya saki gaba ɗaya. A duba mastan kuloci na sama da na ƙasa, a fitar da iska. Sai man giya. Sanyin Jos a Disamba da Janairu yana sa mai ya yi kauri, zoben sinkoro ya kasa yanka shi da wuri, shi ya sa da safe kake ji. Mai da ya tsufa ko wanda ya fi ƙima kauri yana ƙara abin. Kula da lambar da ke jikin galan: giyabos da yawa GL-4 suke so, shi kuwa GL-5 an yi shi ne musamman don difiranshal, sinadaransa ba sa shiri da zoben tagulla a wasu giyabos. Bi lambar da kamfanin motar ya bayar.

Zuuu ɗin kuwa yawanci daga bushin na ƙarfe yake, waɗanda ake sawa a bakin wayoyi a madadin na roba. Robar ce ke tare karkarwar giyabos, da aka cire ta sai ta biyo waya ta hau hannunka. Ba ya lalata komai. In ya dame ka, mayar da na roba a bakin wayoyin ka bar sauran kayan. Duba kuma ko sabon kayan ya zo ba tare da dunƙulen ƙarfen nan mai nauyi da ke kan na asali ba, don rashinsa yana sa giya ta riƙa cijewa a baki. Kafin a gama gyaran, da safe ka fito daga ɗaya ka ɗan dakata a firi, sannan ka jingina sandar a bakin biyu da taushi har ta karɓa da kanta. In an yi saiti, an duba kuloci, an canza mai, ƙarar tana nan, to zoben giya biyu ya ƙare, sai an sauke giyabos. A canza shi tun haƙoran giyar ba su farfashe ba, domin zoben kaɗai ya fi araha nesa ba kusa ba.